Cikon Mudu: Fansho da Ra'ayin Jama'a a Tarihin Ƙasar Daura

Gabatarwa

A cikin kayan da kakana ya rasu ya bari akwai wani ɗan littafin lissafi mai baƙin bango, wanda gara ta ɗan taɓa gefensa. Ba a sa shi cikin rabon gado ba, domin babu wanda ya ga amfaninsa, sai mahaifina ya ɗauka ya adana a adaka. Kakan nawa malamin haraji ne tun zamanin En'en Daura, kuma hannun da ya saba rubuta sunayen masu biya bai iya zama haka nan ba bayan ya yi ritaya a 1977. Kowane ƙarshen wata yakan ja layi ya raba shafi biyu. A ɓangaren dama ya rubuta abin da ya karɓo na fansho, a na hagu kuma farashin tiyar gero a kasuwar Daura a wannan makon. A shafukan farko, kuɗin wata guda na sayen buhunan gero har a rage na cefane. Kafin a kai shafukan ƙarshe, lambar dama ta ɗan motsa, ta hagu kuwa ta yi fiffike, har fanshon ya kasa cika buhu guda.

Wannan littafi shi ya sa na fara sauraron gardamar da ake yi kan ƙarin kuɗin fansho da kunnen ɗalibin tarihi. A majalisun ƙofar gida, da teburin mai shayi, da shirye-shiryen rediyo na kiran waya, mutanen ƙasar Daura sun rabu a kan batun. Wasu na ganin haƙƙi ne da aka danne, wasu na ganin gata ne ake son ƙara wa waɗanda da ma suka fi kowa gata. Maƙalar nan za ta bi sawun yadda fansho ya shigo ƙasarmu, da yadda darajarsa ta zaizaye, domin a gane inda kowane ra'ayi ya samo tushe.

Tsufa kafin zuwan albashi

Daura tsohon gari ne, kuma ta daɗe da sanin yadda ake riƙon tsoho tun kafin a ji kalmar fansho. Ginshiƙin wannan riƙo shi ne gandu. Magidanci da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma gona guda, a tara amfani a rumbu guda, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa. Idan ƙarfin maigida ya ƙare, sai ya bar fartanya ya riƙe mabuɗin rumbu. Guminsa na ƙuruciya yana nan a cikin gonar da ya share da 'ya'yan da ya raina, su ne ajiyarsa. Wanda Allah bai ba haihuwa ba, dangi da zakka da maƙwabta sukan rufa masa asiri.

A fada ma akwai irin wannan tsari. Mai sarauta ba ya ajiye rawani don shekaru sun ja, sai mutuwa ko tuɓewa. Bafade ko bara da ya tsufa a ƙofar ubangidansa ba a korarsa: akushinsa na nan, rigarsa ta salla na nan. Dangantaka ce ta mutum da mutum, wadda kunya da tsoron abin faɗa suke tsaronta. Tana da aibinta, domin wanda ya yi rashin sa'ar ubangida ba shi da inda zai kai ƙara. Amma tana da wata fa'ida da ya kamata a lura da ita: ana biyan tsoho da hatsi da tufa da muhalli, abubuwan da tsadar kasuwa ba ta rage musu auki. Tiyar gero ta bana ita ce tiyar gero ta baɗi.

Baitulmali da haihuwar ɗan albashi

Zuwan Turawa ya sauya wannan lissafi. A 1906 suka dawo da Malam Musa daga Zango suka ɗora shi kan gadon sarautar Daura, bayan kusan shekara ɗari gidan sarautar Haɓe na waje da birnin. Ɗansa, Sarki Abdurrahman, ya hau a 1911 ya yi mulki har zuwa 1966, kuma a tsawon zamaninsa ne hukumar En'e ta kafu ta yi rassa. A maƙwabciyarmu Katsina, a farkon sarautar Muhammadu Dikko, Razdan Palmer ya fara tsarin Baitulmali, wanda daga baya ya game Arewa. Haraji da jangali suka koma shiga asusu guda, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi a madadin kason da suke ɗiba a da. A 1934 aka cire Daura daga Lardin Kano aka haɗa ta da Katsina a lardi guda.

Daga Baitulmali aka sami wani sabon mutum da ƙasar Hausa ba ta san irinsa ba, wato ɗan albashi: malamin haraji, malamin asibiti, malamin daji, malamin makaranta, ɗan doka, gandiroba. An ɗauke shi daga gandun ubansa tun yana yaro an kai shi makarantar elimantare, sannan aka riƙa yi masa canjin wurin aiki daga wannan gunduma zuwa waccan. Kakana ya zauna a Baure, ya zauna a Sandamu, ya zauna a Mai'aduwa, kuma a duk tsawon shekarun nan ƙannensa ne suke noma gonar gado. Ranar da ya dawo gida da furfura, gonar ta riga ta zama tasu a aikace, shi ma kunya ba ta bar shi ya tayar da maganar ba.

Wannan giɓi shi fansho ya zo ya cike. Dokar fansho ta 1951, wadda aka mayar da fara aikinta baya zuwa 1 ga Janairu 1946, ta tsara haƙƙin ma'aikatan gwamnati, kuma sannu a hankali irin wannan tanadi ya kai ga ma'aikatan En'e na dindindin. Ma'anar yarjejeniyar a fili take. Hukuma ta karɓi ƙuruciyar mutum a kan albashin da bai isa ya tara dukiya ba, ta hana shi haɗa aikinta da wata sana'a, ta kuma yi masa alkawarin zama gandunsa idan ya tsufa. Sai dai alkawarin da kuɗi aka rubuta shi, kuɗi kuwa ba su da tabbas irin na hatsi.

Ya kamata a faɗi wata gaskiya tun a nan, domin ita ce tushen rabin gardamar yau. Kuɗin da ake biyan ɗan albashi daga aljihun manomi da makiyayi suke fitowa. Talakan da ya sayar da akuyarsa don ya biya haraji, ko Bafulatanin da aka ƙirga wa shanu don jangali, ya san malamin da ke riƙe da alƙalami a kansa yake ci. Haraji da jangali ba su gushe ba sai a 1979, lokacin da Gwamna Balarabe Musa ya soke su a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Daura ke cikinta. An soke harajin, amma kallon da talaka yake yi wa ma'aikaci bai gushe tare da shi ba.

Daga Udoji zuwa faɗuwar naira

Shekarun 1970 su ne lokacin da aikin gwamnati ya fi daraja. A farkon 1973 naira ta maye gurbin fam, aka canza fam ɗaya a kan naira biyu. Kuɗin man fetur suka kwararo, kwamitin Jerome Udoji ya kawo ƙarin albashi mai yawa tare da bashin watanni, har kalmar Udoji ta shiga bakin Hausawa da ma'anar garaɓasa. Tsofaffinmu suna tuna yadda kekuna da rediyo da babura suka cika gari. Suna kuma tuna yadda 'yan kasuwa suka ɗaga farashi tun kuɗin ba su iso hannu ba. Daga wannan lokaci ne talaka ya haddace darasin da har yau yake maimaitawa, cewa in an yi wa ma'aikaci ƙari, shi da ba a ba komai ba ne zai biya a kasuwa.

A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata fiye da dubu goma a faɗin ƙasa, wasu ba tare da haƙƙinsu ba. Ko da niyyar gyara ce, abin ya koya wa na baya cewa alkawarin hukuma na iya warwarewa da sanarwar rediyo guda. A 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, En'e ta kau. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, aka buɗe makarantu a ƙauyuka, aka ɗebi dubban matasa aikin koyarwa. Mahaifina yana cikinsu. Dokar soja mai lamba 102 ta 1979 ta tattara ƙa'idojin fansho wuri guda, kuma bayan gyare-gyaren da aka yi mata, wanda ya cika shekara 35 yana aiki ya cancanci kashi 80 cikin ɗari na albashinsa a matsayin fansho, da garatuti na ninki uku na albashin shekara.

A takarda wannan tanadi ne mai kyau. Abin da ya kashe shi shi ne faɗuwar darajar kuɗi. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja, kuma albashi mafi ƙaranci da aka kafa a 1981 naira 125 ne. Daga 1986, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da tsarin SAP, naira ta kama gangara. Mai aiki yana da ƙungiya, yana da makamin yajin aiki, don haka albashinsa yakan bi farashi ko da a guje ne. Ɗan fansho kuwa ba shi da aikin da zai daina. Littafin kakana ya nuna wannan ƙarara: daga 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, rubutunsa ya fara ƙanƙancewa, kuma a gefen wani shafi ya rubuta cewa ya daina sayen nama sai ranar Juma'a.

Abin da doka ta ce, da abin da aka gani

Waɗanda suka rubuta Kundin Tsarin Mulki na 1999 sun san wannan ciwo. Sashe na 173 ya yi magana kan ma'aikatan tarayya, na 210 kuma kan na jihohi, dukansu sun wajabta a sake duba fansho duk bayan shekara biyar, ko kuma duk lokacin da aka sake duba albashi, wanda duk ya riga zuwa. Albashi mafi ƙaranci ya tashi zuwa naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Amma a jihohi da dama na ƙasar nan akan yi wa masu aiki ƙari a bar 'yan fansho suna jiran tsammani, har aka riƙa samun tsofaffin da kuɗinsu na wata bai kai na motar zuwa karɓarsa ba.

A 2004 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kawo tsarin adashin gata, inda ma'aikaci da hukumar da yake wa aiki kowa ke zuba kashi 7.5 cikin ɗari na albashi a asusun ma'aikacin, ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom. Dokar 2014 ta ɗaga kason zuwa 8 daga ma'aikaci da 10 daga hukuma. Tsarin ya shafi ma'aikatan tarayya da kamfanoni kai tsaye, jihohi kuwa sai kowace ta yi tata dokar, shi ya sa makomar tsoho ta dogara ga inda ya yi aiki. Ana cikin haka sai ga badaƙalar satar kuɗin fansho a Abuja. A 2013 wata kotu ta ba John Yusuf, jami'in asusun fanshon 'yan sanda, zaɓin biyan tarar naira 750,000 a shari'ar da ta shafi biliyoyi, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta tsananta hukuncin. A 2021 aka yanke wa Abdulrasheed Maina ɗaurin shekara takwas. Waɗannan labarai sun shiga kowace majalisa a Daura.

Akwai kuma lissafin da mutane ba su cika yi ba. In aka ɗora 35 a kan 1976, sai a sami 2011. Wato ɗimbin malaman da aka ɗauka a zamanin UPE sun bar aiki kusan a lokaci guda, nauyinsu ya faɗo a kan asusun da ba a yi masa tanadi ba. Mahaifina ya ajiye alli a wannan shekara. Na raka shi tantancewa a wani ofishi, muka tarar da layin dattawa tun daga baranda har bakin titi, kowa da fayil a hammata. Wani tsoho da ya koyar da shi a aji uku yana zaune a ƙasa, 'yarsa na yi masa fifita. Mahaifina ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Malam, har da ku a layin nan?" Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai mun zo ne mu nuna musu ba mu mutu ba." Garatutin mahaifina bai fito ba sai bayan shekaru, kuma ranar da ya fito, ginin da ya yi niyyar kammalawa da shi ya tsaya a linta.

Ra'ayoyin jama'a

Tun daga 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, maganar ta ƙara zafi. Dala ta haura naira 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Na saurari mutane iri-iri a kan batun, kuma ra'ayoyinsu sun kasu gida huɗu.

Na farko na 'yan fansho ne da iyalansu. Hujjarsu ita ce fansho albashi ne da aka jinkirta, kuma tsufa lokacin ciwon suga da hawan jini ne, magungunan da farashinsu ke bin dala. Sukan ƙara da cewa ɗan fansho a Daura ba kansa kaɗai yake ciyarwa ba, akwai jikoki marayu da 'ya'yan da suka gama karatu ba aiki.

Na biyu na manoma ne da 'yan kasuwa. Wani ƙanin kakana, wanda bai taɓa karɓar albashi ba, ya taɓa ce wa mahaifina, "Kai da ka yi aiki a inuwa ana ba ka kuɗi kana kwance. Ni da na yi shekara sittin a rana, wa ya san da ni?" Masu wannan ra'ayi sukan tuna cewa rufe iyaka a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun durƙusar da fatauci ta Kwangwalam da kasuwar Mai'aduwa, kuma babu wanda ya yi musu zancen diyya. A ganinsu gara a sa kuɗin a taki da asibiti da rijiyoyin burtsatse, inda kowa zai amfana.

Na uku na matasa ne. Wasunsu na cewa a fara sama musu aiki kafin a ƙara wa wanda ya riga ya ci nasa rabon. Lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, malamai sun yi murna, amma masu takardar NCE a hannu sun ga an ƙara musu shekara biyar ta jira.

Na huɗu na waɗanda suke cewa kuɗi akwai, rabon ne ba daidai ba. Sukan kawo misalin dokokin da suka ba tsofaffin gwamnoni gidaje da motoci bayan shekara huɗu ko takwas kacal, da yadda Majalisar Dokokin Zamfara ta soke irin wannan doka a Nuwamba 2019. Daura ta ga ɗanta Buhari ya dawo gida bayan ya sauka a 2023, aka kuma ji shi yana cewa da kuɗin hayar gidansa na Kaduna yake cefane. Mutane suka ce, in wanda ya shugabanci ƙasa sau biyu yana wannan zance, ina ga mai gadin makarantar firamare?

Kammalawa

Da na auna waɗannan ra'ayoyi da littafin kakana, sai na ga kalmar "ƙari" ita ce ta rikita zancen. Wanda ya ba ka ajiyar mudu goma na gero, ya dawo ka auna masa da mudun da ka rage wa baki, in ya nemi ciko bai roƙe ka kyauta ba. Yawancin abin da 'yan fansho suke nema cikon mudu ne, kuma sashe na 210 ya riga ya ba su. Da ana sabunta fansho a kan lokaci, gwargwadon farashin abinci da magani, da ba sai tsofaffi sun yi layi a ƙofar ofis ko sun yi kuka a rediyo ba. Illar tauye su kuma ba a kansu take tsayawa ba. Matashin ma'aikacin da ya ga yadda malaminsa ya ƙare ya san abin da ke jiransa, kuma in ba mai tsoron Allah ba ne, zai fara yi wa kansa fansho daga asusun jama'a tun yana kan kujera. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Amma ƙorafin ƙanin kakana ma gaskiya ne, kuma ba a amsa shi da cewa shi bai yi aikin gwamnati ba. Gandun da zai riƙe shi ya watse, gonaki sun tsattsage wajen rabon gado, samari sun tafi ci-rani. Malaman tarihin Musulunci sun kawo labarin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi da ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya ga rashin adalci ne a karɓi harajinsa yana da ƙarfi a yasar da shi da ya tsufa, ya sa aka yanka masa rabo daga Baitulmali. A zamaninmu, Botsuwana tun 1996 da Lesoto tun 2004 suna ba tsofaffinsu kuɗin wata ko sun yi aikin gwamnati ko ba su yi ba, Jihar Ekiti ma ta gwada irin wannan a 2011 da naira 5,000. Akwai kuma ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar hannu da aka ƙaddamar a 2019, wanda har yau mutanen karkara kaɗan ne suka ji labarinsa. Haƙƙin ma'aikaci da haƙƙin manomi ba kishiyoyi ba ne, a biya na farko bashinsa, a kuma fara gina wa na biyu abin dogaro.

Mahaifina ya ci gaba da rubutu a littafin daga inda kakana ya tsaya, da layi biyu kamar yadda ya gada. Kwanakin baya ya miƙo mini shi, ya ce idanunsa sun fara gajiya, in riƙa rubuta masa. Ni ma ma'aikaci ne yanzu, saura shekara ashirin da 'yan kai in bi sahunsu. Ranar da na karɓi alƙalamin na tambaye shi, "Baba, me ya sa ba ku daina ba, alhali lissafin ba ya daɗi?" Ya ce bashi ba ya ruɓewa matuƙar akwai wanda ke rubuta shi. Na buɗe sabon shafi, na ja layi, na tura yaro kasuwa ya tambayo mini farashin tiyar gero.